Ayuo da Giya Mai Ɗaci

Shekara talatin da ɗaya na yi ina facin keke a gindin ɗorawar da ke ƙofar gidan Ayuo, a Nandom. Daga inda nake zama ina hangen murhunta da randunanta, da bencinan da masu shan fito, giyar dawa ta gargajiya, ke jeruwa a kai. Sai da na haura shekara arba'in da biyar na koyi riƙe alƙalami, kuma tun daga ranar na ɗaukar wa kaina alkawarin ba zan ɓata tawada a kan abin da idona bai gani ba. Saboda haka abin da ke cikin wannan takarda shaida ce.

Ayuo gajeruwar mace ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon wuta. Ba ta da yawan magana, amma duk garin an san harshenta. Idan ta kurɓi fito, za ta gaya maka ko dawar daga tudu ta fito ko daga fadama, kwana nawa tsiron dawar ya yi a shanya, da irin itacen da aka dafa shi da shi. Na taɓa ganin ta mayar wa wani manomi buhu biyu bayan ta tauna ƙwaya uku kacal. Ta ce an ajiye dawar kusa da kananzir. Mutumin ya yi ta rantsuwa da kabarin kakansa, har matarsa ta ja shi gefe ta tuna masa da galan ɗin da ke bayan rumbu.

A wajenmu mai fito ba ta miƙa wa baƙo ƙwarya sai ta kurɓa a gabansa. Mata da yawa sun mayar da abin taɓa leɓe kawai. Ayuo kuwa kurɓa take yi ta gaske, ta riƙe a baki, ta haɗiye, ta ɗan dakata, sannan ta miƙa da hannu biyu. Ranar da ta kurɓa ba ta miƙa ba, ranar babu ciniki. Sai ta sa a juye randar a kwatamin da ke gangarawa garken aladu, masu sha su tashi su nemi wani gidan. Na ga haka sau huɗu a tsawon zamana. Wannan ya sa abin da ya fito daga gidanta ba a tambayar lafiyarsa, kuma abin da ta ƙi kurɓa babu mai kai shi baki.

Dalilin wannan tsanani ya girmi 'yarta. Ayuo tana amarya, ba ta cika shekara a ɗakin miji ba, surukinta ya rasu, aka ɗora mata dafa fiton makoki. Ruwan sama ya taɓa tsiron a shanya, ya yi fumfuna daga ƙasa, ita kuwa ba ta lura ba. Cikin gaggawar makoki ta aika da tuluna ba tare da ta ɗanɗana ba. Ina cikin taron, ina saurayi. Makaɗan gyil, abin kiɗanmu na katako, ne suka fara sha, suka tofar a gaban jama'a. Waɗanda suka daure suka haɗiye sun wuni suna zaryar bayan gari. Mai waƙar makoki kuwa, da yake aikinsa ke nan, ya saka ta a waƙa nan take, ya ce mamacin ya gudu lahira ne don kada surukarsa ta shayar da shi. Mutane suka yi dariya da hawaye a fuskarsu. Shekara biyar ana kiranta Mai Ɗaci a kasuwa. Ta sa taɓarya ta fasa tukunyar da ta yi dahuwar a ciki, ta koma wajen wata tsohuwa ta sake koyon sana'ar daga jiƙon dawa. Da sunan ya gushe, babu wanda ya ƙara ambatarsa, har yaran da aka haifa daga baya ba su taɓa jin labarin ba.

Mijinta, Cletus, ya tafi kudu aikin haƙar zinariya, ya dawo da tari, ya rasu 'yarsu Perpetua tana goye. Da randa shida da rijiya ɗaya Ayuo ta raini yarinyar. Kwana uku ake yi kafin fito ya nuna, kuma sau biyu take dafawa a mako, rani da damina. Hayaƙi ya cinye mata hasken ido, ɗaukar tuluna ya lanƙwasa mata baya. Perpetua ta yi karatu har Kumasi, ta karanci ilimin sarrafa abinci, ta yi shekara tara a wani babban kamfanin giya a kudu. Mun ɗauka ta tafi ke nan, yadda 'ya'yan kowa ke tafiya, sai dai a gan su ranar makoki. Ayuo ma ta fara maganar wa za ta bar wa randunanta.

Sai ga shi wata ranar Talata babbar mota ta tsaya a gindin ɗorawata, aka sauke manyan tukwanen ƙarfe uku masu ƙyalli, kowacce ta fi mutum tsayi. Perpetua ta diro daga gaban motar da wando da hular rana. Ta ce ta dawo gida, za ta dafa giyar kwalba da dawarmu a ɗakin ajiyar da ke bayan rijiya.

A lokacin Akolgo yana zaune a benci. Shi ɗan ƙabilar Frafra ne daga garin Bolga, tsohon ma'aikacin gidan waya, wanda aiki ya kawo shi garinmu ya ƙi komawa. Tsakaninmu da Frafra akwai wasa tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, kuma duk abin da suka faɗa mana ba a fushi.

Ya dubi tukwanen ya ce, "Baiwata, jirgin sama 'yarki za ta ƙera mana ne?"

Ayuo ta ce, "In ta ƙera, kai za a fara ɗorawa a mayar da kai Bolga, karnukan garin nan su samu su yi barci, ba mai neman namansu."

Ta faɗi haka fuska a ɗaure, amma da yamma na ga ta zagaya bayan rijiya tana shafa ƙarfen da tafin hannu, kamar mai duba saniyar da ɗanta ya sayo.

Wata biyu aka yi ana haɗa bututu da jawo wuta. Perpetua ta sayo tsiro daga wani ɗan kasuwa a garin Wa, don ba ta so ta ƙara wa uwarta wahala. Ranar dahuwar farko wani ƙamshi ya cika unguwar wanda ba mu san shi ba, ƙamshin ganye da ɓawon lemo. Na tambaye ta, ta buɗe wata jakar leda mai sheƙi ta nuna mini wasu 'yan curi-curi kore. Ta ce furen wani tsiro ne da ake kira hof, daga ƙasashen sanyi ake kawo shi, shi ke ba irin giyar da take so ƙamshi da ɗanɗano. Akolgo ya leƙa ya ce shi dai kashin zomon Turawa ya gani. Giyar, in ji ta, sai ta yi mako uku a rufe kafin ta nuna. Ayuo ta ce abin da ya wuce kwana huɗu a randa sunansa ruwan tsami, amma ba ta hana ba.

Da mako ukun ya cika, Perpetua ta tafi Wa da sassafe karɓo kwalabe da murafe. Hantsi ya ɗaga sai na ga Ayuo ta ɗauki ƙoƙonta ta nufi bayan rijiya. Ba ta daɗe ba na ji ƙarar ruwa na kwarara. Na ajiye tayar da ke hannuna na bi ta. Na tarar ta buɗe famfon ƙasan tukunyar har ƙarshe, giya mai launin zuma tana gudu a kwatami da kumfa a kanta, ita kuwa tana tsaye tana goge harshe da gefen zane.

Na ce, "Ayuo, me kike yi haka?"

Ta ce, "Dery, koma kan facinka. Ta lalace. Kada ka gaya wa kowa."

Ba sai na gaya wa kowa ba. Kafin azahar aladun gidan, su bakwai, sun sha sun ƙoshi, sun kwanta a rana ƙafafu a sama suna minshari, yaran unguwa suna ta kallo ta kan katanga.

Perpetua ta dawo da la'asar. Ta ga kwatamin, ta ga aladun, ta shiga ɗakin da gudu. Ta fito ta nufi uwarta.

"Mama, me kika yi?"

"Na rufa miki asiri."

"Wane asiri? Aikin wata uku, Mama!"

"Ɗaci gare ta, kamar an fasa maɗaciyar akuya a ciki. Da kin kai wa mutane wannan, da ba ki ƙara ɗaga kai a kasuwa ba."

"Ai haka ake son ta! Ni na zuba ɗacin da hannuna, na auna shi a sikeli!"

Ayuo ta dube ta daga sama har ƙasa, ta ce, "Da hannunki? To karatun ya taɓa ki. Muddin ina numfashi, abu mai ɗaci ba zai fita ta ƙofar nan ba, kuma ba zan kurɓa in miƙa wa kowa ba."

Perpetua ta san ma'anar wannan magana kamar yadda kowa ya sani. Giyar da aka dafa a gidan Ayuo, da ruwan rijiyar Ayuo, Ayuo kuma ta ƙi kurɓa, ko kyauta aka ba mutum zai zubar a bayan katanga, manoman da ke kawo dawa ma za su fara kauce wa gidan. Tana da wata ƙawa a Accra da ta daɗe tana kiranta su haɗa hannu. Washegari da safe akwatinta na tsaye a bakin ƙofar ɗakinta, a ɗaure, ta kuma aika a tambayo mai motar da zai kwashe tukwanen.

Gidan ya yi kwana biyu babu mai yi wa wani magana. A rana ta uku, ranar fito, bencina sun cika, Akolgo ya iso da sandarsa. Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ɗaga murya yadda na bayan katanga ma zai ji.

"Baiwata! Yau ba na son na kullum. Kawo mini irin wanda kika dafa a makokin surukinki."

Sifana ta faɗi daga hannuna. Masu sha suka sunkuyar da kai cikin ƙwaryarsu. Shekara arba'in da wani abu babu wanda ya furta wannan magana a gaban Ayuo, kuma da ɗan ƙabilarmu ne ya furta, da ya bar shan fito a gidan har abada. Amma Frafra ne. Ayuo ta tsaya da ludayi a hannu.

Akolgo ya kira Perpetua, ya ce, "Zo nan, 'yar boko. Kin karanta littafi ɗari, ba ki karanta uwarki ba." Ya ba ta labarin tun daga ruwan saman har waƙar, bai rage komai ba, har da kwaikwayon yadda makaɗan suka tofar. Shi ma ji ya yi a bakin mutane, amma ya fi waɗanda suka gani iya faɗa. Perpetua ta zauna a kan turmi tana kallon uwarta, uwar tana kallon wuta.

Sannan ya juya wajen Ayuo. "Ke kuma, tsohuwar banza. Wancan ɗacin ruwan sama ne ya kawo miki shi. Wannan kuwa yarinyar ce ta aika har ƙasar Turawa aka kawo mata. Hauka ne duka, amma ba iri ɗaya ba. Ana ta cika mana baki wai harshenki ya san gonar kowa. Ashe ɗaci biyu ma bai iya rabawa ba? Aladunki sun fi ki, su dai sun sha sun yi godiya."

Wani ya yi dariya ya maza ya toshe baki. Ayuo ta ɗebi fito, ta kurɓa, ta miƙa masa da hannu biyu kamar kullum, ta ce, "Sha, bawana, ko bakin nan ya samu abin yi."

Da jama'a suka watse, Perpetua ta je ta durƙusa kusa da murhu. Ina jin su. Ta ce, "Mama, ban sani ba. Furen da ya rage na dahuwa ɗaya ne. Bari in sake sau ɗaya. In ta nuna ki ɗanɗana a gaban mutane. In kin ƙi miƙawa, ba zan yi gardama ba, zan kwance tukwanena in tafi."

Ayuo ta daɗe tana gyara itace. Can ta ce, "Ajiye mini cikin hannu ɗaya na ganyen nan a kan dutsen niƙa." Iyakar abin da ta ce ke nan. Akwatin kuwa ya ci gaba da tsayuwa a bakin ƙofa.

Abin da ya biyo baya ni kaɗai na gani, domin takan bari sai Perpetua ta fita. Ta ɗauko wata 'yar tukunyar miya, tana dafa furen a ruwa zalla, yau kaɗan, gobe da yawa, wani ta sauke da wuri, wani ta bar shi ya daɗe. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta tofar, ta sake ɗorawa. A rana ta shida ta yafuto ni da hannu.

Na tarar ta jera ƙoƙo biyar a kan tabarma. Ɗaya ruwan shuwaka, ɗaya na gauta, ɗaya jiƙon ɓawon maɗaci, ɗaya na furen yarinyar. Na biyar yana rufe da faifai. Da ta buɗe, wari ya gaya mini abin da ke ciki. Ashe tun ranar maganar Akolgo ta jiƙa tsiro cikin hannu ɗaya, ta kife shi a lungu mai duhu har ya yi fumfuna, ta niƙa ta dafa. Da gangan ta sake yin abin da ta fasa tukunya a kansa.

Ta ce, "Dery, tsaya nan. In na faɗi ka kira yarinyar."

Ta bi huɗun farko ɗaya bayan ɗaya, tana kurkure baki a tsakani. Sannan ta ɗauki na biyar. Ta kurɓa, ta riƙe, ta tofar. Idanunta suka kawo ruwa. Ta kurkure baki sau uku, ta zauna tana haɗiyar yawu, ta daɗe.

Ta ce, "Har yanzu ɗacin yana nan. Wannan in ya sauka maƙogwaro shimfiɗa tabarma yake yi." Ta nuna ƙoƙon furen da leɓe. "Wancan kuwa dangin shuwaka ne. A lambu aka haife shi."

Na ce, "To za ki sha ke nan?"

"Ruwan ganye na ɗanɗana, ban ɗanɗani giya ba. Koma kan facinka. Kuma ka riƙe bakinka."

Na riƙe, har yau da nake rubutawa da izininta.

Da yammacin ranar ta shiga ɗakin tukwane ba sallama, ta zura hannu cikin buhun tsiron da aka sayo a Wa, ta tauna, ta tofar a gaban 'yarta.

"A gefen kwalta aka shanya wannan. Ya sha hayaƙin mota ya ƙoshi. Ko ganyen naki na da kirki, wannan zai kunyata shi."

Perpetua ta ce, "Na gwada shi da na'ura, Mama, bai nuna komai ba."

"Na'urar tana da harshe?"

Ta aika aka kawo mata dawa farafara daga wata gonar tudu da ta yarda da ita. Da kanta ta jiƙa, ta baza, ta lulluɓe da ganye, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Da ya tsiro ta hau soro ta shanya, duk da ciwon bayan, ta zauna gadin sa da sanda saboda kaji da hadari. Ko sau ɗaya ba ta ce za ta sha ba. Ranar da aka dafa, ta tsaya daga bakin ƙofa tana kallon yadda Perpetua ke auna furen, wani a farkon tafasa, wani ana dab da saukewa. Ta tambayi dalili. Perpetua ta ce na farko shi ne ɗaci, na ƙarshe shi ne ƙamshi. Ayuo ta gyaɗa kai, domin ta riga ta gano haka a 'yar tukunyar miyarta.

Aka sa ranar Lahadi, ranar kasuwa, bayan an taso daga coci. Labari ya riga ya zagaya, saboda haka bencina ba su isa ba, har na ara musu nawa. Wasu sun zo don Ayuo, wasu sun zo don su ga ko aladu za su sake samun rabo. Perpetua ta fito da kwalabe a bokitin ƙanƙara, da kofunan gilashi a tire. Akwatin yana nan inda yake, kowa na ganinsa.

Ayuo ta dubi kofunan ta ce, "Mayar da waɗannan. Ba asibiti muka zo ba." Ta ɗauko tsohuwar ƙwaryarta mai ɗinki a gefe. Perpetua ta buɗe kwalba ta tsiyaya a hankali. Giyar garau take, ana ganin ɗinkin ƙwaryar ta cikinta, launinta kamar zuma da aka sirka, kumfa fari ya taso kamar auduga. Ayuo ta ɗan zuba wa ƙasa rabonta. Ta kai hanci, ta daɗe tana shaƙa. Sannan ta kurɓa, ta riƙe, ta haɗiye.

Fuskarta ta tattare kamar ta mai cin ɗanyen gauta. Na ga Perpetua ta damƙe gefen tiren. Ayuo ba ta miƙa ba, ba ta kuma ajiye ba. Ta tsaya ido a rufe, ƙwarya a hannu, maƙogwaronta na motsi. Wurin ya yi tsit, sai kukan zabo daga bayan katanga. Dakatawar da takan yi ta numfashi uku ce. Wannan ta wuce goma.

Akolgo ya ce, "Baiwata, in kin mutu a tsaye ne ki gaya mana, mu aika a kira makaɗa."

Ta buɗe ido ta ce, "Ya tafi."

Perpetua ta ce, "Me ya tafi, Mama?"

"Ɗacin. Ya gaishe ni ya wuce. Dawar ce ta rage a baki." Ta sake kurɓa, wannan karon babba. Sannan ta tallafi ƙwaryar da hannu biyu, ta taka har gaban Akolgo. "Karɓi, bawana. In ma za ta kashe wani, gara ta fara da Frafra."

Ihun da aka yi har masu awon hatsi suka leƙo daga kasuwa. Akolgo ya sha, ya ware ido, ya ce wallahi an dafa lemo da ciyawa an ce giya ce, amma a ƙaro masa don ya tabbatar. Perpetua ta ajiye tiren ta shige ɗaki, ta daɗe kafin ta fito da fuska a wanke.

Ni ma ƙwaryar ta iso gare ni, kuma zan faɗi abin da na ji ba tare da ƙari ba. Hanci ne ke fara sha. Ƙamshin ɓawon lemo ne da na ɗanyen mangwaro, da wani abu kamar ciyawar da aka yanka bayan ruwan farko. A baki tana da sanyi da 'yar cizo, zaƙin tsiron ya zo kaɗan, sai ɗacin ya taso ya cika gefen harshe har na yi niyyar mayar da ƙwaryar. Kafin in miƙa hannu ya janye, ya bar bakina a wanke yana neman wani kurɓin. Fito yana cika ciki kamar kunu, mutum ya sha ya manta da abinci. Wannan kuwa yunwa take tadawa, shi ya sa mai ƙosai da mai gasa zabo suka sayar da komai kafin la'asar.

Ba kowa ya so ta ba. Tsofaffi uku sun kurɓa sun ce a dawo musu da fitonsu, ɗaya ya ce in magani yake so ya san hanyar asibiti. Ayuo ba ta yi musu gardama ba, ta ɗebo musu daga randa. Amma babu wanda ya tofar, babu kuma wanda ya zaga bayan katanga.

Shekara biyu ke nan. Ayuo ta rage dahuwar fito zuwa sau ɗaya a mako, idanunta sun daina zubar ruwa. Tsiro duka a hannunta yake, da mata huɗu da take koya wa, kuma babu tukunyar da ake ɗurawa a kwalba sai ta kurɓa da ƙwaryar nan mai ɗinki. Sau ɗaya ta ƙi miƙawa, Perpetua ta duba ta tarar wani bututu bai wanku ba, ita da kanta ta buɗe famfon. Mota na zuwa daga Wa duk mako biyu. Har yanzu Ayuo na cewa giyar ta cika sanyi, kuma mai hankali ba ya aikawa ƙasar wasu a kawo masa ɗaci alhali ga shuwaka a bayan ɗaki. Akwatin kuwa an kwance shi a makon nan na farko, aka jingine shi a buɗe a ɗakin ajiya, wata kaza ta yi ƙwai a ciki, aka bar mata.

Makon jiya Perpetua ta zo wa uwarta da wata sabuwar jaka mai sheƙi. Ta ce wani irin furen ne daban, ya fi na da ƙarfi, tana so ta gwada.

Ayuo ta ce, "Wato wancan bai ishe ki ba."

"Ɗanɗanawa kawai za ki yi, Mama."

Ayuo ta yi tsaki, ta ci gaba da juya tsironta a kan tabarma. Sai da yarinyar ta kai bakin ƙofa ta ce, "Ajiye a kan dutsen niƙa. Ki miƙo mini 'yar tukunyar miyar nan kafin ki fita."